Ibrananci a Ajin Nazarin Hausa

Da zarar an ambaci Yahudawa a zauren ɗalibai, sai fuskoki su canja, hira ta koma kan Gaza da Ƙudus. Ɓacin ran yana da dalili, ba kuwa mai neman a danne shi. Sai dai ya haifar da wani kuskure, wato ɗaukar karatun tarihin wata al'umma tamkar goyon bayan gwamnatin da ke magana da sunanta. An kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Tarihin Yahudawa kuwa ya haura shekara 2,500, kuma ƙarnoni da dama daga cikinsa an yi su ne a ƙasashen Musulmi, cikin harshen Larabci. Ɗalibin ilimin harsuna da ya juya wa wannan tarihi baya ya yi wa fanninsa asara.

Hausa da Ibrananci, harshen Yahudawa, dangi ne. Dukansu suna cikin babban gidan da Joseph Greenberg ya raɗa wa suna Afro-Asiya, shi da ya fara bincikensa cikin Maguzawan ƙasar Kano. Inda Bahaushe ya ce harshe, ko halshe a bakin mutanen yamma, Bayahude lashon yake cewa, Balarabe lisan. Mutu na Hausa yana tafiya da met na Ibrananci. Ya da ta masu rarrabe namiji da mace suna nan a yiktob da tiktob, zai rubuta da za ta rubuta. Wani zai ce ai Larabci ya wadatar. Bai wadatar ba. Kalmar suna ba ta yi kama da ism sosai ba, sai an ajiye shem na Ibrananci a gefe ake ganin cewa wasalin farkon ism ƙari ne, saiwar kuwa baƙaƙe biyu ce. Shaida ɗaya ba ta isar mai kwatanta harsuna.

Shi kansa kwatancen yana da tushe a nan Afirka. A ƙarni na 10, wani malami Bayahude na Tahart, cikin Aljeriya ta yau, mai suna Yahuda ɗan Ƙuraish, ya aika wa Yahudawan Fas wasiƙa yana tsawata musu don sun bar karanta fassarar Attaura ta Aramanci a wuraren ibadarsu. Domin ya nuna musu amfaninta, sai ya jera kalmomin Ibrananci da na Aramanci da na Larabci, ya bayyana yadda baƙaƙensu ke musanya bisa ƙa'ida, har ya taɓo kalmomin Barbarci, dangin Tamajak da ake ji a kasuwar Tawa. Wannan ya faru ƙarnoni masu yawa kafin Turawa su mayar da kwatancen harsuna fannin jami'a. Kuma da Larabci ya rubuta wasiƙar, amma da haruffan Ibrananci. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar ajami ya san wannan dabara da wahalhalunta: a ɗauki haruffan littafi mai tsarki a rubuta harshen gida da na kasuwa, sannan a yi ta neman yadda za a yi da sautukan da ba su da harafi.

Akwai kuma abin da ya fi kusa, ya fi kuma nauyi. Kowane ɗalibi ya san Shehu Magili, wanda ya ratsa Abzin ya isa Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, daga baya ya gana da Askiya Muhammadu a Gawo. Kaɗan ne suka san abin da ya baro a Tuwat. A wajajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifen, ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit, masu hannu a fataucin Sahara, bayan doguwar jayayya da alƙalin garin, Al'asnuni, wanda ya ga cewa shari'a ta ba su kariya. Malamai biyu Musulmi ne suka saɓa, kowa da hujjarsa. Ba a fahimtar Magili, balle tasirinsa a ƙasar Hausa, in an cire Yahudawan Tuwat daga labarin.

Abin da ake buƙata don farawa bai taka kara ya karya ba: zango ɗaya na Ibrananci ga masu digiri na biyu, haɗe da karatun irin waɗannan takardu. Haruffan 22 ne kacal, daga dama ake rubuta su zuwa hagu. Wanda ya yi makarantar allo zai gane alef, bet, gimel, dalet tun ranar farko, domin jerin abajada ne da malaman hisabi ke lissafi da shi, ƙimarsu ma ɗaya ce: 1, 2, 3, 4.