Ina Littafin Wakilinmu?

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san ba a riƙon amanar jama'a da ka, sai da littafi. A zamanin En'e ma'aji ba ya fid da ko sisi daga baitulmali sai da takarda, don ya san wata rana odita zai sauka ya bi shafi ɗaya-ɗaya. Malamin makaranta kuwa har gobe ya kan kira rajista kowace safiya, yaron da ya yi fashi a sa masa alama, ƙarshen zango a kai wa ubansa sakamako. To, abin mamaki, mutumin da muka zaɓa muka tura Abuja ya yi mana doka, ya kuma raba dukiyar ƙasa da sunanmu, shi kaɗai ne ba mu riƙe masa littafi.

Mai karatu ya gwada kansa. Ya san sunan wakilinsa, ya san irin motarsa, watakila ma ya san buhu nawa na shinkafa ya raba da azumin bara. Amma a tambaye shi sau nawa wakilin nan ya tashi ya yi magana a Majalisa, ko wane gefe ya bi ran da aka zartad da kasafin kuɗi, sai ya yi zuru. Ni kaina da na ke wannan rubutu an taɓa yi mini tambayar nan a gaban jama'a, na rasa ta cewa.

Majalisar Dattawa tana da mutum 109, ta Wakilai 360. Tsarin mulki na 1999 ya wajabta wa kowace ta zauna kwana 181 a shekara ko fiye, ya kuma ce wakilin da ya yi fashin fiye da sulusin kwanakin zama ba da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba, kujerarsa ta kuɓuce masa. Doka ke nan a rubuce. Amma dokar fashi ba ta aiki sai in akwai mai duba rajista, mu kuwa ba mu taɓa neman mu gani ba.

Babbar matsalar tana wajen yadda a ke ƙuri'a. Yawancin al'amura a Majalisarmu da murya a ke yanke su. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, a amsa. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su amsa, a amsa. Sa'an nan ya auna da kunnensa wane ɓangare ya fi amo, ya buga guduma, magana ta ƙare. Ba a rubuta sunan kowa ba. Wakili yana iya ɗaga murya ya goyi bayan abu a Abuja ran Talata, ran Juma'a ya zo gida ya rantse a ƙofar masallaci cewa shi ya ƙi, ba kuwa wanda ya isa ya ƙaryata shi. In dai batun ƙananan abubuwa ne, kamar ɗage zama ko gaisuwar ta'aziyya, ba laifi, hanya ce mai sauri. Amma ran 20 ga Maris 2025 da murya majalisun biyu suka amince da dokar ta-ɓaci da Shugaba Tinubu ya kafa a Jihar Ribas, wadda ta dakatad da gwamna zaɓaɓɓe da majalisar jihar har wata shida. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukan wakilan kowace majalisa sun yarda, watau sanata 73 da wakili 240. Ba na shiga gardamar ko dokar ta-ɓacin ta dace ko ba ta dace ba. Tambayata ita ce, wane kunne ne ya ke iya bambanta muryar mutum 240 da ta mutum 200?

Alhali kuwa akwai wata hanya, tana cikin dokokin zaman Majalisar. Sanata yana da iko ya tashi ya ce bai gamsu da hukuncin kunnen Shugaba ba, a ƙidaya. An yi haka ran 15 ga Yuli 2021, sa'ad da a ke gardama kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a ƙidaya, aka riƙa kiran sanatoci da sunansu, kowa ya miƙe ya faɗi inda ya tsaya. Mutum 52 suka goyi bayan a ɗaure hannun hukumar zaɓe da sharaɗin sai hukumar sadarwa da Majalisa sun yarda, 28 suka ƙi, 28 kuma ba su nan. Kashegari jaridu suka buga sunayen duka, har da na waɗanda suka sulale. Cikin Oktoba na shekarar nan Majalisar Dattawa ta sake shawara, ta bar wa hukumar zaɓe ikonta. Ba na cewa buga sunaye kaɗai ya jawo haka, amma ba na shakka ya taimaka ƙwarai, don kunya ba ta kama taro, mutum ɗaya ta ke kamawa. Na'urar ƙuri'a ma akwai ta a zauren, an yi aiki da ita ran 1 ga Maris 2022 wajen gyaran tsarin mulki. Ashe ba kayan aiki aka rasa ba.

Haka aka gani tun 2006, lokacin da aka so a gyara tsarin mulki don Shugaba Obasanjo ya zarce karo na uku. Gidan talabijin na AIT ya riƙa nuna muhawarar kai tsaye, sanatoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san mutanen garinsu suna kallonsa. Ran 16 ga Mayu aka binne maganar. Da murya aka yi ƙuri'ar ƙarshe, amma kafin nan kowa ya riga ya nuna fuskarsa.

Batun jawabai yana da sauƙi kaɗan, domin Majalisa tana da littafin muhawara, wanda Turawa ke kira Hansad, inda a ke rubuta abin da kowa ya faɗa. Albarkacin irin wannan littafi ne har yau muka san abin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin makaranta, ya faɗa a Majalisar Arewa a Kaduna cikin Agusta 1950, sa'ad da ya kawo batun a gyara mulkin En'e, magana wadda a lokacin ba kowa ne ke da ƙarfin halin furta ta a gaban Turawa da 'yan sarauta ba. Da shi muka san yadda aka kwashe a Ikko ran 31 ga Maris 1953, da Anthony Enahoro ya nemi mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a bari sai hali ya yi. Mutanen nan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma ana iya yi musu hukunci da abin da ya fito daga bakinsu. Na yanzu fa? Littafin yana nan ana rubutawa, cikin Turanci, a Abuja, talakan da ya bi layi cikin rana ya jefa ƙuri'a bai san da shi ba.

Sai dai a nan ina jan kunne. Yawan magana ba shi ne aiki ba. A Ingila, bayan da aka buɗe wani shafin intanet cikin 2004 mai ƙidaya jawaban 'yan majalisa, an lura waɗansu sun shiga tashi suna jefa 'yar kalma ɗaya biyu don lissafinsu ya hau. A nan gida ma mun san masu alfahari da yawan shirin doka da suka gabatar, alhali yawancinsu na kafa wata makaranta ce ko wata hukuma da ba a tanadi kuɗinta ba, aka karanta sau ɗaya aka ajiye. Akwai kuma wakili mai shiru a zaure wanda a ɗakin kwamiti shi ne ke tsare minista da tambaya har gumi ya karyo masa. Saboda haka ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, sai an karanta an ga me aka faɗa, kuma ina maganar ta ƙare.

Mu zo ga kuɗi, inda gizo ke saƙa. Shekara da shekaru ba wanda ya san abin da ɗan majalisa ke ɗauka, sai cikin Maris 2018 Sanata Shehu Sani ya fasa ƙwai, ya ce ban da albashi kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na tafiyad da ofis. A lokacin mafi ƙanƙancin albashi naira 18,000 ne, watau kuɗin ofishin sanata ɗaya ya yi albashin leburori 750. Cikin Agusta 2024 hukumar da ke yanka albashin masu mulki ta ce abin da sanata ke samu a wata bai wuce naira miliyan ɗaya da 'yan kai ba. A makon nan Sanata Kawu Sumaila ya gaya wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo masa ya kai miliyan 21. Duka biyu suna iya zama gaskiya, don ɗaya albashi ya ke nufi, ɗaya kuɗin ofis. To, in kuɗin ofis ne, ai ofis da rasit a ke tafiyad da shi. Akawun da aka ba kuɗin sayen takarda da tawada ya san sai ya kawo rasit ya sauke nauyi, in ba haka ba a cire a albashinsa. Ba mu ce kada a ba wakili kuɗin aiki ba. Mu dai a nuna mana rasit.

Ingila ma ba waliyyai ba ne. Cikin Mayu 2009 jaridar Daily Telegraph ta tona takardun kuɗin 'yan majalisarsu, aka ga har da wanda ya nemi a biya shi fam 1,645 na ɗakin agwagi. Shugaban majalisar ya sauka, waɗansu suka sha ɗauri, aka kafa hukuma ta dabam mai biyan kuɗin tana kuma buga abin da kowa ya nema. Halin mutum ɗaya ne ko'ina, takardar ce aka fitar fili.

Sa'an nan ga ayyukan mazaɓu, waɗanda shekaru da yawa a ke ware musu naira biliyan 100 a kowane kasafi. Cikin Nuwamba 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an ware tiriliyan ɗaya cikin shekara goma, amma da ƙyar a ke ganin amfaninsa a ƙauyuka. A shekarar nan hukumar ICPC ta fara bin sawun ayyukan, ƙungiyar BudgIT kuwa tun 2014 ta ke tura mutane su je su gani da ido. Kowa a cikinmu ya san wata rijiyar burtsatse mai allo da hoton wakili, wadda ta ba da ruwa mako biyu ta ƙafe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da kan faru ga ɗan gida in ya yi magana. Abdulmumin Jibrin ya yi zargin cushe a kasafin 2016, aka dakatad da shi kwanakin zama 180. Sanata Abdul Ningi ya ce akwai naira tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 da bai ga ayyukan da aka jingina su ba, aka dakatad da shi cikin Maris na shekarar. Ko zarginsu daidai ne ko kuskure, dakatarwa ba ta amsa lissafi, kuma mutanen mazaɓarsu ne suka zauna ba wakili.

Wani zai ce in aka riƙa rubuta ƙuri'ar kowa, gwamnoni da iyayen jam'iyya su ma za su gani, su matsa wa mai gaskiya. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Amma gwamna ai ya riga ya san yadda yaransa suka yi, yana da masu kai masa rahoto kafin la'asar. Wanda duhun ya rufe wa ido talaka ne kaɗai. Wani kuma zai ce laifinmu ne, mu da ke cika ƙofar gidan wakili da takardun asibiti da katin biki, har ya ga in bai samo kuɗi ta ko wace hanya ba, ba zai koma ba. Wannan kam ba ni da amsarta sai in sunkuyad da kai. Mun mai da mai yin doka uban biki, muna auna shi da abin da ya miƙo.

Ku malaman makaranta da akawuna, aikin nan a kanku ya faɗa, don ku ne masu karatu, ku a ke tambaya a majalisar bakin kasuwa. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mutum huɗu ko biyar a kowace mazaɓa su sami littafi guda mai bango, su raba shi. Kasafin kuɗin tarayya ana buga shi a intanet, a nemo ayyukan da aka rubuta wa garinku da kuɗinsu, a juya su Hausa, a je a duba wurin, a rubuta rana da abin da aka tarar. Ran da aka yi ƙuri'ar kiran suna a yanko sunayen a liƙa. Abin da ba a samu ba a rubuta takarda a nema, gama dokar 'yancin samun bayani da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu cikin Mayu 2011 ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa. In ta yi shiru, shirun ma a rubuta shi da kwanan wata. Abu ɗaya dai: littafin ya ƙunshi alheri da akasinsa, kada ya zama sandar wata jam'iyya, in ba haka ba ba mai gaskata shi.

Kada kowa ya dogara ga kiranye. Sashe na 69 ya bukaci sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, kuma da aka gwada a kan Sanata Dino Melaye, tantancewar da aka yi cikin Afrilu 2018 ba ta tabbatad da ko kashi goma cikin ɗari ba. Lokacin da wakili ke hannunmu shi ne sa'ad da ya dawo neman ƙuri'a. Ran nan a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a buɗe littafin a karanta masa a gaban dattawa. Sa'an nan a tambaye shi, shi da masu neman kujerarsa duka, ko sun ɗauki alkawarin duk ran da aka zo kasafin kuɗi, ko cin bashi, ko dokar ta-ɓaci, za su tashi su nemi a kira suna. Amsar da kowa ya bayar a rubuta ta a shafi na gaba, da rana da sunayen shaidu.