Takardar WAEC Ba Ta Gane Alat Na Bogi

 Maganar da zan yi yau na san za ta ɓata wa mutum biyu rai. Na farko shi ne alhajin da ya cire ɗansa daga makaranta yana aji uku ya zaunar da shi a bakin shago. Na biyu kuma ɗan bokon da ke ganin duk wanda ya ce a koya wa yaro dabarun zaman duniya a cikin aji, to maƙiyin ilimi ne. Dukkansu su yi haƙuri, amma ba zan janye ba.

Abin da nake cewa shi ne, dole makarantun sakandare su riƙa koya wa matasa abin da za su yi amfani da shi washegarin ranar da suka ajiye kayan makaranta. Kuma mu da muke zaune a ƙasar Yarabawa da ta Ibo mun fi kowa buƙatar haka, domin ɗan gari idan ya yi kuskure yana da kawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, yana da ɗan uwa lauya, yana da gidan gado da zai koma. Ɗan Sabo fa? Kuskure ɗaya ya isa ya raba shi da jari, ko da ɗakin haya, ko ma ya kwana a bayan kanta.

Ku ɗauki yaro mai shekara 17 da ya gama aji shida a nan Agege. Ya haddace sassan ƙwayar halitta, ya san sunan kogin da ya fi kowanne tsawo a Afirka. Madalla, ban raina wannan ba. To amma miƙa masa takardar yarjejeniyar haya ka ce ya karanta wa babansa. Tambaye shi ko ya san dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, ko ya san mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata 6. Tambaye shi ko ya san sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu, da cewa beli a ofishin 'yan sanda ba na kuɗi ba ne. Tambaye shi sashe na 41 da na 43, waɗanda suka ba kowane ɗan Najeriya ikon zama da mallakar fili a duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Wallahi sai ya tsaya yana kallonka. Alhali mu da ake yi wa gorin “ku koma garinku” duk ranar da aka samu saɓani a kasuwa, mu da muka ga abin da ya faru a Mile 12 a 2016 da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, waɗannan sassa ya kamata su zauna a kan yaranmu kamar karatun sallah.

Sai maganar kuɗi, inda nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, da takardar Naira ta yi ɓatan dabo, dattawanmu da suka shekara 40 suna ciniki hannu da hannu aka tilasta musu karɓar taransifa dare ɗaya. Wa suka juya suka kalla? 'Ya'yansu 'yan makaranta. Su kuma yaran ba wanda ya taɓa gaya musu cewa saƙon tes da ya shigo waya ba shi ne kuɗi ba, sai ka buɗe asusunka ka ga balas ya ƙaru. Haka 'yan damfara suka riƙa ɗaukar buhun albasa da huhun goro da alat na bogi, yaro mai kiredit a lissafi yana tsaye yana cewa “Baba ya shigo.” MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta sake yin irin ta a 2025, kuma a duka biyun masu takardar makaranta ne kan gaba wajen jawo 'yan uwansu. Ga kuma manhajojin bashi na waya. A ce an ba ka ₦50,000 za ka mayar da ƙarin kashi 20 cikin ɗari bayan mako biyu. Yaro zai ce ai dubu goma ce kawai. Bai lissafa cewa shekara tana da mako biyu-biyu har sau 26 ba, wato in ya ci gaba da juya bashin zai biya ₦260,000 kuɗin ruwa zalla, uwar kuɗin tana nan daram. Wannan lissafin aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare. An koya masa shi da lemo da mangwaro a allo, ba a taɓa haɗa masa shi da aljihunsa ba.

Wani zai ce ai gwamnati ta riga ta yi wannan tunanin. E, ta yi, har sau uku ma, kuma nan ne abin dariyar yake. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, da nufin yaro ya taɓa aikin hannu a shekaru ukun farko na sakandare: kafinta, aikin ƙarfe, wayarin. Aka shigo da injina daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san yadda ake tayar da su. A 2011 aka kawo sabuwar manhajar babbar sakandare mai sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibi sai ya zaɓi ɗaya, WAEC ta fara jarrabawa a kansu a 2014. A cikin jerin har da rini da aikin fata da kiwon kifi da gyaran waya. Me makarantu suka yi? Suka zaɓi waɗanda alli kaɗai ke iya koyarwa. A makarantar da na yi, darasin tallata haja muka ɗauka, muka shekara uku muna kwafe ma'anar “kasuwa” daga allo, alhali kasuwar gaske tana bayan katangarmu, hayaniyarta ma ba ta barin mu ji malamin. Ko sau ɗaya ba a fita da mu ba. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da rage sana'o'in zuwa 6: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Zaɓin bai yi laifi ba, sola kam akwai ci a cikinta yanzu. Amma idan za a koyar da ita yadda aka koya mana kasuwa, to yaro zai ci jarrabawar sola bai taɓa riƙe filaya ba.

Saboda haka ba sabon darasi nake roƙo a ƙara a jadawali ba. Jadawalin ya riga ya cika ya batse. Cewa nake a sauko da darussan da ake da su ƙasa. Malamin lissafi ya ce wa yara: ga kwandon tumatir 100 sun taso daga Arewa zuwa Mile 12, ga kuɗin mota, ga na lodi da sauke, ga abin da masu shinge suka karɓa a hanya, ga la'adar dillali, kwando 15 sun ruɓe saboda mota ta kwana biyu a hanya, to nawa za a sayar da kwando kafin a fita? Yaron da ya warware wannan ya san bambancin ciniki da riba, kuma rashin sanin wannan bambanci shi ya karya shaguna da yawa a unguwarmu, mutum yana ta cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Malamin Turanci ya sa su rubuta rasit, da takardar koke zuwa ga DPO, da cike fom ɗin banki. Malamin kimiyya ya nuna musu abin da za a yi idan tukunyar gas tana yoyo, da dalilin da hayaƙin janareto ke kashe iyali guda a ɗaki ɗaya cikin dare, da yadda ake tsayar da jini kafin a kai mutum asibiti. Mu da 'yan uwanmu ke kan babur da bakin wuƙa a mayankar Oko-Oba, wannan ba abin wasa ba ne.

Har Yarabancin da Jihar Legas ta wajabta a makarantunta da dokar 2018, wanda wasu iyayenmu ke yi wa kallon an shigar musu hanci, ni a wurina yana cikin manyan dabarun zaman duniya. Wanda ke jin abin da ake faɗi a kansa a taron masu unguwa ba ɗaya yake da wanda sai an fassara masa ba.

Yanzu bari in juyo kan alhaji. Hujjarsa ita ce: tunda makaranta ba ta koyar da komai, gara yaro ya zo shago, ni ma a shago na koya. Gaskiya ne shago makaranta ce. A gindin mahaifina na koyi buɗe huhu, da sauya ganye, da tsame goron da sankara ta taɓa kafin ya ɓata sauran, da gane daushe daga sabon goro, kuma ba littafin da zai koya maka wannan. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda kakanninmu suka riƙe cinikin goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu da amana kawai, maigida da dillalansa da yaransa, ba banki ba lauya. To amma Alhaji, waccan duniyar ta yi nisa. Yau dillalin naka POS ne da BVN da NIN, kuma wanda zai cuce ka ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Amana tana aiki ne tsakanin mutanen da suka san juna.

Kuma tunda an zo nan, mu gaya wa kanmu gaskiya game da tsarin yaron gida. Ɗan Ibo yana ɗauko yaro a gaban iyayensa, a yanke shekaru, biyar ko shida ko bakwai, yaro ya koyi inda ake saro kaya da yadda ake riƙe littafi, ranar da wa'adi ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Haka aka cika Alaba da Ladipo. Su ma ana samun masu cin amana, ban ce waliyyai ba ne. Amma mu fa? Yaro ya shiga shago yana shekara 14, ya yi gemu, ya yi aure, yana nan dai “yaron Alhaji”, bai san inda ake saro kayan ba, bai taɓa ganin littafin ciniki ba, in ma akwai littafin. Ranar da Alhaji ya kwanta dama magada su raba kaya, shi kuma ya koma neman babur, a garin da aka hana acaba a ƙananan hukumomi da dama tun 2022. Ba boko, ba jari, ba ga tsuntsu ba ga tarko. 'Yan mata kuwa abin nasu ya fi muni, daga farantin talla sai ɗakin miji, ko sunanta ba ta iya sa wa a takardar asibiti ba.

Shi kuwa ɗan boko tsoronsa shi ne, wai idan aka cika makaranta da maganar kasuwa da aikin hannu, za a daƙile 'ya'yan talakawa, ɗan mai kuɗi ya zama likita, ɗan mai goro ya dawo mai goro. Wannan tsoro yana da tushe, ni ma ba na son a ware wasu yara a ce ku naku gyaran waya ne. Amma wa ya ce likita ba ya biyan haya? Wa ya ce injiniya ba a turo masa alat na bogi? Kuma ka duba da kyau, abin da ke korar yaranmu daga aji ba yawan aikin hannu ba ne. Uba ne ke duba shekara shida na kuɗin littafi da na mota, ya ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, ya ce taso. Ranar da yaro ɗan aji biyu ya dawo gida ya zauna ya tsara wa babansa littafin bashi, ya gano masa kuɗin da suka maƙale a hannun mutane wata da watanni, wannan uban da kansa zai raka shi makaranta gobe. Mai son yaran Sabo su kai jami'a, ta nan hanyar ta bi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, akwai makarantun da suke hannunmu ɗari bisa ɗari, ba sai mun jira Abuja ko Alausa ba: Islamiyyoyinmu. A nan ake karantar da yaro cewa zakkar kayan ciniki ɗaya bisa arba'in ce, amma ba a taɓa ajiye masa shago na misali a ce fitar mana da zakkarsa ba. Ana karanta masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, sannan ya fito ya tarar babansa ya ba da kayan miliyan da baki, don wai kunya ba za ta bari ya ce a rubuta ba. Rigingimu nawa ake kaiwa fadar Sarkin Hausawa a kan haka? Ku tambayi masu zama a fadar.

Muna da tela, muna da mai gyaran waya, muna da mai haɗa sola, muna da 'ya'yanmu da suka zama lauyoyi da nas-nas da ma'aikatan banki. Awa biyu ranar Asabar bayan la'asar, kowane mako mutum ɗaya ya zo da kayan aikinsa, maza da mata su zauna su taɓa da hannunsu. Kuɗin da za a kashe bai kai na rumfa da kujerun da muke hayowa ranar da ɗan siyasa zai zo neman ƙuri'a ba. Su kuma makarantun gwamnati, suna kiran taron iyaye da malamai kowane zango. Je ka leƙa ka gani. Iyayen Yarabawa, yawanci mata, sun cika kujeru suna ɗaga hannu suna tuhumar shugaban makaranta, namu kuwa in ka ga mutum uku to an yi sa'a, sauran suna kasuwa, sun aiko a ce duk abin da aka yanke sun yarda.