Ba kowane shiru ba ne tarbiyya: roƙo ga iyayenmu kan ciwon damuwa

A gidajenmu, yaron da ya yi shiru yabo yake samu. "Ai wane ba ruwansa, ba ya fita, ba ya hayaniya." Wanda kuma ya fara fushi da ƙunƙuni, sai a ce tashen balaga ne, zai wuce. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai yaran da shirunsu da fushinsu ciwo ne, ciwon damuwa, kuma idan ba a gane shi da wuri ba yakan ci karatu, ya ci lafiya, wani lokacin har ya ci rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na yara 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka kan fara ne kafin shekara 14. Wato a aji ɗaya na sakandare mai ɗalibai saba'in, maganar yara kusan goma ake yi. Ba ciwon Turawa ba ne, ba kuma na 'ya'yan masu kuɗi ba.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, ciwon ba ya zuwa wa matashi kamar yadda yake zuwa wa babba. Babba zai iya cewa "raina a ɓace yake". Yaro ɗan shekara 15 ba lallai ya faɗa ba. Sai dai a ga ya zama mai saurin hasala, abu kaɗan ya ɗauki zafi da ƙannensa. Wanda da ba ya wasa da kallon ƙwallo ko zaman majalisa, yanzu ko abokai sun zo sai ya ce a ce ba ya nan. Barci ya rikice: ko ya kwana ido biyu, ko ya wuni a kwance. Abinci ko ya daina ci ko ya yi ta ci. Sakamakon jarrabawa ya faɗi ba tare da dalili ba. Yarinya kuma ta yi ta kukan ciwon kai ko ciwon ciki, a yi ta sayen maganin zazzaɓi a kemis, gwaji bai nuna komai ba. Bayan balaga, 'yan mata sun fi maza kamuwa.

Ma'aunin likitoci mai sauƙi ne: idan wannan sauyi ya kai mako biyu, kusan kullum, kuma ya taɓa karatu ko mu'amala, to ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. A lura musamman bayan wani babban abu: rasuwa, rabuwar iyaye, faɗuwa JAMB ko WAEC, tsangwama a makarantar kwana, cin zarafi, ko maganar auren da yarinya ba ta so.

Akwai kalaman da ba a wasa da su. "Ni ba ni da amfani." "Da babu ni da kun huta." "Na gaji da duniyar nan." Idan yaro ya faɗi haka, ko ya rubuta a WhatsApp, ko aka ga yanka a hannunsa, ba lokacin tsawa ba ne. A zaunar da shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Sannan kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti a ranar.

Wani zai ce, ai raunin imani ne, ko aljanu ne, ko sammu. Babu wanda ya ce a bar addu'a. Amma wanda ke da ciwon suga ma ana yi masa addu'a, kuma ana kai shi asibiti. Yaro mai salla da karatun Alƙur'ani na iya kamuwa da ciwon damuwa, kuma idan aka ce masa imaninsa ne ya yi rauni, an ƙara masa kaya ne a kan wanda yake ɗauke da shi. Duka da zagi kuwa ba sa korar ciwo, sai dai su kori yaron. Wasu daga nan suke faɗawa shan kodin da tiramadol don neman barci da mantuwa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hana kwalba bai warkar da abin da ya kai yaro gare ta ba.

Wata matsalar tamu ita ce kunya. Uba ba ya zama hira da ɗansa, uwa na kawaici ga ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. Al'ada ce mai kyau, amma kada ta zama katanga. Idan Baba ba zai iya ba, akwai kawu, akwai gwaggo, akwai yaya ko kaka da yaron ke sakin jiki da su. A fara da abin da aka gani: "Kwana biyu na ga ba ka cin abinci, me ke damunka?" Sannan a yi shiru a saurara, ba tare da "mu a zamaninmu" ba.

Magani akwai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, asibitocin koyarwa ma na da sashen. Likita zai fara duba ko ƙarancin jini ne ko wani ciwon jiki. Wasu yaran tattaunawa da ƙwararre ta ishe su, wasu sai an haɗa da magani, wanda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi kwatsam. Tun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwa ta 1958. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin ɗanka ya haukace.

Iyayenmu, kun fi kowa sanin yadda ɗanku yake da. Idan kun ga ya canza, kada tsoron abin da maƙwabta za su ce ya hana ku tambaya. Mu matasa kuma, idan abokinka ya ce ya gaji da rayuwa, kada ka riƙe masa sirri. Ka faɗa wa babba tun yau.