Ra'ayinmu: Rurin Salansa da Haƙƙin Maƙwabci

Akwai wata ɗabi'a da ta sami gindin zama a tsakanin waɗansu samari masu hali a manyan garuruwanmu, irin su Abuja da Kano da Kaduna, har ma ta soma leƙowa cikin harabar jami'o'i. Ɗabi'ar kuwa ita ce, mutum ya sami mota ƙirar tsere, ko wadda yake so a ɗauka ta tsere ce, ya kai ta gareji a kwance salansar da masana'anta ta sa mata, a ɗaura wata wadda za ta sa motar ta riƙa ruri. In ka tambaye su dalili, sai su ce daɗin sauti suke nema. To, mu a wannan mujalla ba mu da faɗa da daɗin sauti. Faɗanmu yana ga wanda ya sayi hayaniya da kuɗinsa, kana ya tilasta wa unguwa duka ta saurara, ko tana so ko ba ta so.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san aikin salansa. Injin mota yana tafiya ne da ƙonewar mai da iska a cikin silinda, kuma kowace ƙonewa fashewa ce ƙarama. Inji mai silinda 4, idan yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, yana yin irin wannan fashewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Mai silinda 8 kuwa, in an taka shi ya kai juyi 6,000, sai ta zama sau 400. Hayaƙin kowace fashewa yana fitowa da ƙarfi ta bututu, kuma da ba don salansa ba, da babu mai iya zama kusa da hanya. A cikin salansa akwai ɗakuna ƙanana da bututu masu huji-huji waɗanda ke mai da sautin baya ya yi karo da ɗan'uwansa su kashe juna, waɗansu kuma ana cusa musu wata irin auduga ta gilas mai shanye ƙara. Abin da ake kira gyara a yawancin garejinmu shi ne a kawar da waɗannan ɗakuna, mai walda ya liƙa miƙaƙƙen bututu mai faɗin baki, shi ke nan.

Masu wannan sha'awa suna da hujja biyu. Ta fari, wai buɗe wa hayaƙi hanya yana ƙara wa mota ƙarfi. Gaskiya ne cewa injin da aka ƙera domin fagen tsere yana son hayaƙinsa ya fita ba tare da tangarɗa ba. Amma motar da ba a taɓa sauran injinta ba, ƙarin da canjin salansa kaɗai zai kawo mata kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci ma bututun da ya cika faɗi yakan rage mata kuzari a tafiyar cikin gari. Kunne ne ke ruɗin direba, ya ji ruri ya zaci gudu ne. Hausawa dai sun riga sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Hujja ta biyu ita ce ta sauti, kuma a nan lalle suna da 'yar gaskiya. Sautin inji fasaha ce da manyan masana'antu ke kashe wa kuɗi da shekaru. Lokacin da Toyota ta ƙera motar Lexus LFA, wadda aka fara yi a 2010, sai da ta nemi taimakon Yamaha, kamfanin da ya shahara wajen kayan kiɗa, domin a daidaita muryar injinta. Sai dai ku duba abin da kamfanin Ford ya yi wa Mustang ta 2018: ya sa mata wata 'yar ƙofa a cikin bututun hayaƙi, yadda direba zai iya tayar da ita da asuba a hankali, kada ya dami maƙwabta. Watau su kansu masu ƙera motocin tsere sun yarda cewa murya mai daɗi daban, ruri daban, kuma mai mota yana da maƙwabci. Ashe wanda ya yanke salansa da zarto bai kama hanyar gwanaye ba.

Yanzu mu juya ga ɓarnar. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma ma'auni ne mai yaudara, domin ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, ƙarin 10 kuwa ya ninka goma. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da gargaɗin cewa zama cikin desibel 85 na awa 8 kullum yana lalata ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Hiram Maxim, wanda ya ƙirƙiro bindigar nan mai ruwa da Turawan Ingila suka yi amfani da ita a yaƙin Sakkwato a 1903, da kurumta ya ƙare rayuwarsa. Ɗansa Hiram Percy Maxim kuwa sai ya yi suna wajen ƙera abin rage ƙarar bindiga da ta inji. Bayan kunne akwai barci da zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai kada hayaniyar hanya ta wuce desibel 45 da dare, saboda abin da take jawowa na yankewar barci da ciwon zuciya. Mota ɗaya mai fasasshiyar salansa, in ta ratsa gari da tsakar dare, tana iya tayar da gidaje masu ɗimbin yawa: ga jariri, ga majiyyaci, ga ɗalibi mai jarrabawa da safe, ga ma'aikacin da zai yi sammako zuwa ofis. Wa ya nemi izininsu?

Shi kansa mai motar bai tsira ba. Walda marar kyau a ƙarƙashin mota tana barin hayaƙi ya tsiyaya cikin ɗaki, kuma a cikinsa akwai iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mai sa jiri da suma, har da mutuwa. Bugu da ƙari, sau da yawa garin wannan aiki ake fitar da matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi. Ita ce ke rage gubar hayaƙi, kuma tana ƙunshe da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake rububinta a kasuwa. Sai ka ga mutum ya biya ladan aiki, ya rasa abu mai daraja, fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, talakan da ke bakin hanya kuma ya shaƙi sauran. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Ƙasashen da aka kwaikwayo wannan ɗabi'a daga gare su sun riga sun gaji da ita. A 2020 hukumar unguwannin Kensington da Chelsea a Landan ta kafa kyamarori masu jin sauti domin kama masu motocin tsere da suka hana mazauna sakat. A 2021 jihar New York ta Amurka ta yi dokar da ta ɗaga tarar haramtaccen canjin salansa zuwa dala 1,000, har garejin da ya yi aikin yana iya rasa lasisinsa. Faransa ma ta soma gwajin irin waɗannan na'urori a 2022. Mu ma a nan gida ba mu rasa doka ba: an kafa hukumar NESREA mai kula da muhalli a 2007, an kuma fitar da ƙa'idojin hana hayaniya a 2009. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiki da dokar, musamman idan mai laifin ɗan wani ne.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta zauna da hukumar jami'a a tsai da ƙa'ida bayyananniya: duk motar da aka lalata salansarta, ko babur, kada a ba ta takardar shiga, ko ta ɗalibi ce ko ta malami ko ta baƙo. Muna kira ga jami'an duba motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa duba salansa kamar yadda suke duba birki da taya. Masu sha'awar tsere kuwa su haɗa kai su nemi fili a bayan gari, su yi wasansu da rana bisa tsari, in ya so wanda ya ga dama ya je kallo.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, yawancinmu ba mu da mota yau, amma gobe waɗansunmu za su saya, waɗansu ma su ne za su riƙe ofisoshin da ke tabbatar da doka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ilimin da bai koya wa mutum cewa barcin maƙwabcinsa amana ce ba, lalle da saura. Allah ya sa mu gane.