SHAƘATAWA: Ina Ya Kamata A Buga Ƙwallon Lambu A Arewa?

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san wannan fitowar: uban yarinya, hamshaƙin attajiri, ya na tsaye kan ciyawa kore shar da farar hula, ya ɗaga sanda ya sheme wata 'yar mitsitsiyar ƙwallo, sannan ya juyo ya ce wa saurayi talaka ya fita harkar 'yar sa. Shi ya sa matasa da dama su ka ɗauka golf, wato ƙwallon lambu, wasan ƙasar waje ne, kuma na mugayen surukai. To ba haka ba ne. Wasan nan ya haura shekara ɗari a Arewa, kuma wata ƙila mai karatu ya sha wuce filin sa a kan babur bai sani ba.

Dokar ba wuya. Cikakken fili rami 18 gare shi. Ɗan wasa ba ya ɗaukar sanda fiye da 14 a jakar sa. Wanda ya zagaye ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Shi kenan. Sauran duk haƙuri ne da tafiyar ƙasa ta wajen awa huɗu.

Idan fili ɗaya kacal mutum zai taka a rayuwar sa, to ya nufi Jos. Filin Rayfield tun 1913 ya ke, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma shi ake yi wa kirari da mafi tsufa a Nijeriya. Abin da ya fi tarihin daɗi shi ne iskar wurin. Jos ta na kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, don haka zafin da ke sa ɗan Kano neman inuwa tun hantsi ba ya takura wa mutum a can. Ga duwatsu jibge kan juna, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari a yankin. 'Yan fim dai ba baƙi ba ne a garin, tunda nan hedikwatar Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya ta ke. Mamaki ma shi ne yadda darakta zai ɗebi 'yan wasa ya kai su wani ƙuntataccen lambun otal ɗaukar waƙa, alhali ga irin wannan shimfiɗa a gefen sa.

A Kano filin ya na Club Road, a tsakiyar hayaniyar gari. Na Kaduna kuwa tun 1921 aka kafa kulob ɗin, har titi guda ya ci sunan sa. Wani abu da aka san tsofaffin filayen Arewa da shi, wanda ba a gani a fim, shi ne bakin ramin. A Turai lallausar ciyawa ake shukawa a kewaye da rami, a riƙa yi mata aski kullum. A nan kuwa rani ba ya barin ciyawa ta yi wannan gata, sai aka koma cakuɗa yashi da baƙin mai a daddaɓe, in an buga a zo a share sawu a baje wa na baya. Kada wani ya raina wannan dabara. A filin Ikoyi na Legas, Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji mai tsatson Indiya, ya ci gasar Nijeriya a 1988 da 1989, a zamanin da filayen ƙasar nan irin na yashin ne. Mutumin nan shi ne ya ture Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya a 2004. Masoya Indiya sai a tafa!

Sai Abuja. Filin IBB, wanda aka buɗe a 1991, shi ne ɗan gatan cikin su: ciyawa har bakin rami, tafkuna, gadoji, ga Dutsen Aso ya na leƙo mutum. Ya yi kyau ƙwarai, ba musu. Sai dai ba wurin ɗan koyo ba ne. Ruwan wurin cinye ƙwallo ya ke yi, ita kuma ƙwallon ba araha gare ta ba. Wanda bai iya ba, asara kawai zai je ya tafka a gaban manya. A Binuwai kuma akwai na Otukpo, wanda tsohon shugaban Majalisar Dattawa David Mark ya gina da kan sa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: ta ina matashi zai shiga? Yawancin filayen nan na 'yan kulob ne. Baƙo ko dai ya biya kuɗin wasa na yini, ko wani mamba ya shigo da shi. To amma akwai wata ƙofar, ita ce ta yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka. Su ne su ka san kowane gangare da kowace bishiya, har Alhaji ya kan tsaya ya tambaye su wace sanda zai ɗauka. Da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan ta wannan aiki su ka fara. Don haka wanda ke sha'awa, kafin ya yi maganar sayen sanduna, ya fara zuwa ya nemi mai koyarwa na kulob ɗin, a ara masa sanda ɗaya ya gwada.

Ranar zuwa a sa riga mai kwala da takalmi sau-ciki; silifa da wandon jins ba sa shiga. A yi sammako, musamman a Kano. Kuma in wani ya sunkuya zai buga, ba magana, ba motsi, ba tsayawa a gaban sa. Wayar nan mai kiɗan sabuwar waƙa, a kashe ta tun daga bakin get.