Tarayyar Kamaru: tun wajen rabon yankuna aka kashe ta

In ana zancen faɗan da ya ɓarke a yammacin Kamaru cikin shekara ta 2017, sai a ce bambancin harshe ne ya kawo shi. A ganinmu tushen abin yana ga yadda hukuma ta raba ƙasar.

Bayan yaƙin duniya na farko, Faransa da Ingila suka raba Kamaru tsakaninsu. A Fabrairun 1961 aka tambayi mutanen ɓangaren Ingila inda suke so. Na arewa suka bi Najeriya, ƙasarsu ta zama Lardin Sardauna. Na kudu kuwa suka zaɓi ƴan'uwansu na ɓangaren Faransa. Ranar 1 ga Oktoba 1961 aka kafa tarayya mai jihohi 2: Kamaru ta Gabas da Kamaru ta Yamma, wadda babban birninta Buya. Kowace da majalisarta da firaministanta. Ahmadu Ahijo shi ne shugaba, Jon Fonca mataimakinsa.

Amma tun shekarar ba ta ƙare ba, Ahijo ya yanka ƙasar yankunan mulki 6, ya naɗa wa kowane sufeto mai karɓar umurni daga Yawunde. Kamaru ta Yamma, jiha sukutum, ta zama ɗaya kawai cikin shidan. To, wa ke da iko a Buya, firaminista ko sufeto? Ma'aikatan hukuma sun san amsa: mai riƙe da jandarma da kuɗi shi ake saurare. A 1966 jam'iyyu suka narke cikin guda. Saboda haka ƙuri'ar ranar 20 ga Mayu 1972 gawa ta tarar, ta binne. Aka yi larduna 7, aka tsaga tsohuwar jihar biyu, rabi a Bamenda, rabi a Buya.

Ahijo ya kawo hujja cewa gwamnatoci 3 da majalisu 4 sun yi wa talakar ƙasa nauyi. Gaskiya ne akwai tsada. Sai dai alkawari aka yi wa mutane a taron Fumban, kan wannan sharaɗi suka shigo.

A 1983 larduna suka kai 10. A 1984 Pol Biya ya maida wa ƙasar sunan da ɓangaren Faransa yake da shi kafin haɗuwa. Lauyoyi da malaman makaranta da suka yi yajin aiki a 2016, cikin buƙatun da suka kawo har da komawa ga tarayya.