Dangana da Ruɗin Jarumta a Ƙasar Zuru

Dangana, wato yarda da abin da ya auku ba tare da ruɗin kai ba, ta sha bamban da naɗe hannu, kuma masarautar Zuru, wadda ta ƙunshi Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, tana da bukatarta ƙwarai. Kwanton ɓaunar da 'yan bindiga suka yi a yankin Sakaba a watan Maris na 2022, inda aka rasa 'yan sa-kai sama da 60, ya nuna cewa jarumtar da aka san Dakarkari da ita, ko laya da guru, ba sa tare harsashi. Amincewa da hakan akwai ɗaci, amma ita ce za ta hana a ci gaba da tura matasa daji da bindigar toka, ta kuma mayar da nauyin tsaro wuyan hukuma.